Ƙwayar jinin da ta ƙi girma

Kusan dukkan shekarun ƙarfina sun tafi a kan tambaya guda ɗaya, wato me ya sa ƙwayar jinin da Allah Ya halitta domin ta girma, ta yi aikinta, ta mutu, takan tsaya a ƙuruciya ta ƙi yin gaba, sannan ta yi ta hayayyafa har ta cika ɓargo ta hallaka mai ita. Wannan ita ce sankarar jini a taƙaice, kuma masu bincike irina, waɗanda ba sa zagayen marasa lafiya kuma ba sa rubuta wa kowa magani, da ita muke kwana da ita muke tashi. Ɗaliban kimiyya na gida suna yawan tambayata yadda na shiga wannan aiki da abin da na gani a cikinsa, kuma amsar da nake ba su a tsaitsaye ba ta taɓa wadatarwa ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

An haife ni a Funtuwa a farkon shekarun 1970, a gidan da babu wanda ya yi boko mai nisa kafin ni. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, dillalin auduga ne, kuma burinsa a kaina bai wuce in zama likita ba, irin wanda zai dawo gida maƙwabta su taru a zaure da ƙorafin ciwon baya. Da na isa Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sai aka ba ni gurbi a sashen nazarin sinadaran jikin mai rai, wanda ɗalibai ke kira bayokem, na karɓa ba don raina ya so ba. Bayan bautar ƙasa na sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibitin koyarwa a Arewa.

Shugaban ɗakin wani dattijo ne da ya fara duba jini tun kafin a haife ni, kowa Baba yake ce masa. Shi ya koya mini ɗiga jini a kan gilashi, in ja shi da gefen wani gilashin har ya yi siriri, in bar shi ya bushe, in zuba masa rinin Leishman, sannan in sa shi a ƙarƙashin madubin likita. Ranar da ya fara nuna mini jinin wani yaro mai sankara na yi sauri na kama ƙirga fararen ƙwayoyin, sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Bar ƙirga tukuna, ɗana. Dube su da kyau ka gaya mini, sun balaga ko ba su balaga ba?” Na duba na ga dukkansu kama ɗaya ce, ƙatuwar cibiya ta cika kowace ƙwaya, babu ko ɗaya da ta ɗauki siffar farar ƙwayar da na saba gani a jinin mai lafiya.

A cikin ɓargon ƙashi akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan da su ne iyayen dukkan jinin mutum. Sukan rabu, 'ya'yansu su bi matakai ɗaya bayan ɗaya, wasu su zama jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, waɗanda ke rayuwa kimanin kwana 120, wasu su zama farare masu yaƙi da cuta, wasu kuma su fitar da 'yan gutsattsarin da ke tsayar da zubar jini. Ɓargon baligi yana samar da fiye da ƙwaya biliyan 100 a kowace rana, kuma mafi yawansu da zarar sun balaga sai su daina hayayyafa. A sankarar jini mai saurin kamu, ƙwaya ɗaya ce takan maƙale a tsakiyar hanya ta ci gaba da haifar irinta, kuma idan suka cika ɓargo sai lafiyayyun su rasa wurin zama. Shi ya sa majinyaci yake zuwa fari fat saboda ƙarancin jini, da zazzaɓin da ba ya jin magani, da haɓo ko dasashi mai zubar jini.

Abin da ya fi ci mini rai a waɗannan shekarun shi ne ƙanƙantar abin da za mu iya gaya wa likita. Mukan ce mai saurin kamu ce ko mai bi a hankali, mukan yi hasashen daga wane layin ƙwayoyi ta fito, daga nan ilimin ido ya ƙare. Yawancin marasa lafiyar kuma sun iso ne bayan an sha yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, an ƙara musu jini a wani wuri, wasu an ce musu sikila ce, wasu an ce sammu ne. Na ga magidanta sun sayar da gona da shanu, sun jero 'yan'uwa a layin ba da jini, bayan 'yan makonni kuɗi ya ƙare sun nemi sallama. Ba na ganin laifinsu, kuma ba na ganin laifin likitocin da suka yi iya ƙoƙarinsu da abin da ke hannunsu.

A ɗakin karatu na asibitin, cikin tsofaffin mujallun likitanci da wani ya bayar kyauta, na ci karo da rahoton da ya juya mini akala. Akwai wani nau'in sankarar jini da likitoci ke kira APL, wanda a da yana cikin mafi saurin kisa, domin yakan rikita daskarewar jini har mutum ya yi zubar jini a ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki. A birnin Shanghai na ƙasar Sin wani likita mai suna Wang Zhenyi da ɗalibansa sun ba masu wannan cuta wani sinadari ɗan'uwan bitamin A da ake kira ATRA, kuma a rahoton da suka fitar a 1988 a kan mutum 24, kusan dukkansu cutar ta lafa. Abin da ya hana ni barci shi ne yadda ta lafa. Maganin bai kashe ƙwayoyin ba, sakinsu ya yi, suka ƙarasa girman da suka tsaya a kai, suka zama fararen ƙwayoyi balagaggu, suka yi ɗan wa'adinsu suka mutu kamar sauran. Duk abin da aka koya mana game da maganin sankara kafin wannan guba ne, a ba da abin da zai kashe duk ƙwayar da ke rabuwa da sauri, a yi addu'a majinyaci ya fi cutar juriya. Babban maganin sankarar ɓargo mai saurin kamu ta manya, wadda ake kira AML, tun 1973 yake kwana bakwai na cytarabine da kwana uku na daunorubicin, kuma har yau ana amfani da shi. Daga baya an haɗa ATRA da sinadarin arsenik, wanda likitocin birnin Harbin suka fara gwadawa, kuma a 2013 wani gwaji da aka yi a Italiya da Jamus ya nuna cewa waɗannan biyun kaɗai, ba tare da kemo ba, wato wancan magani mai guba, suna warkar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu APL waɗanda cutarsu ba ta kai matakin haɗari mafi tsanani ba.

Na sami tallafin karatu na tafi Ingila yin digiri na uku a farkon shekarun 2000. Ana gobe zan tafi, Inna, wadda ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ta tambayi ƙanwata a gabana, “Shi wannan karatun nasa, in ya gama zai riƙa duba mutane ne?” Na ce, “A'a Inna, ɓeraye zan riƙa dubawa.” Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce Allah Ya sa albarka.

Na isa a lokacin da masu binciken jini ke cikin murnar imatinib, maganin da Amurka ta amince da shi a 2001 domin sankarar ɓargo mai bi a hankali, wato CML. Tarihinsa darasi ne da nake maimaita wa kowane sabon ɗalibi. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka lura a birnin Filadelfiya cewa ɗaya daga cikin kuromosom na masu wannan cuta, wato ƙullin da ke ɗauke da gado a cikin ƙwaya, ya yi ƙanƙanta. A 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Chicago, wadda takan baza hotunan kuromosom a kan teburin cin abincin gidanta tana yankawa tana jerawa, ta gano cewa musanyar gutsure aka yi tsakanin kuromosom na 9 da na 22. Wannan haɗi yana samar da wani furotin da ke umartar ƙwaya ta yi ta rabuwa ba hutu, kuma shi Brian Druker da masana sinadarai na kamfanin da ya zama Novartis suka toshe da ƙwayar magani da ake haɗiya. Shekara 41 ke nan daga ganin abin a madubi zuwa maganinsa, kuma duk wanda ba zai iya jure irin wannan lissafi ba, gara ya nemi wata sana'ar tun da wuri. A lokacin kowa yana neman furotin na gaba da za a toshe a irin wannan hanya, amma malamar da ke kula da karatuna tana aiki ne a kan wani abu dabam wanda mutane da yawa suke ganin ba zai taɓa zama magani ba.

Kusan kowace ƙwaya ta jikin mutum tana ɗauke da rubutun gado iri ɗaya, wato DNA, wanda in an warware shi zai kai kimanin mita biyu, kuma ya ƙunshi ƙwayoyin gado wajen 20,000. To idan rubutun ɗaya ne, me ya raba ƙwayar fata da ta jini, ko uwar ƙwayoyin ɓargo da jikanyarta balagagga? DNA a naɗe yake a jikin wasu furotin da ake kira histon, kuma a kansa da kan histon ɗin akwai ƙananan alamomin sinadari, mafi shahararsu metil, waɗanda ke nuna wane sashe za a buɗe a karanta, wane kuma zai zauna a rufe. Idan ƙwaya ta rabu, 'ya'yanta sukan gaji alamomin tare da rubutun. Duk wanda ya yi makarantar allo ya wuce ta babbaƙu da farfaru zai gane wannan cikin sauƙi, domin baƙaƙen ba sa canzawa, wasali ne ke gaya wa mai karatu yadda zai furta su, kuma idan wasali ya sauka inda bai dace ba ma'ana takan kauce ko da baƙi ɗaya bai motsa ba. Nazarin waɗannan alamomi shi ake kira efijenetik, sunan da Conrad Waddington ya raɗa tun 1942. Abin da ya ja hankalinmu shi ne akwai furotin masu sa alamar da masu goge ta da masu karanta ta, kuma furotin mai aiki abu ne da masanin sinadarai zai iya nema wa makari. A ƙarshen shekarun 1990 ma an riga an nuna cewa sirrin APL a nan yake: furotin da haɗuwar kuromosom na 15 da na 17 ke samarwa yakan zauna a kan ƙwayoyin gadon balaga ya kira masu rufewa, shi kuma ATRA yakan sa ya sallame su.

Malamata ta ɗora ni a kan wata ƙwayar gado da ke kuromosom na 11, wadda ake kira MLL a lokacin, yanzu kuma KMT2A. Aikinta na asali shi ne ta riƙe wasu ƙwayoyin gado na ƙuruciya a buɗe muddin ƙwayar jini ba ta balaga ba, kuma dole ne su rufu kafin balagar ta yiwu. Idan ta karye ta manne da wata, kuma an san abokan mannewarta fiye da 80, sai ta bar waɗannan wurare, musamman HOXA9 da MEIS1, a buɗe har abada. Wannan lahani shi ne ke bayan mafi yawan sankarar jinin jariran da ba su cika shekara ba, kuma yayin da a ƙasashe masu arziki kusan kashi 90 cikin ɗari na yara masu sankarar jini da aka fi gani suke warkewa, waɗannan jarirai suna can baya nesa.

Aikin kansa ba shi da wani ƙyalƙyali. Mukan ciro ɓargon ɓera, mu cusa masa gurɓatacciyar ƙwayar gadon ta hanyar ƙwayar cutar da aka cire wa dafi, mu shuka ƙwayoyin a faranti mai ɗauke da abinci mai kauri, bayan mako guda mu ƙirga tarin da suka yi, mu kwashe mu sake shukawa. Lafiyayyun ƙwayoyi sukan balaga su ƙare bayan shuki biyu ko uku, masu lahanin kuwa ba sa ƙarewa. Daga nan sai mu cire furotin ɗaya mu ga ko za su ci gaba, in alamar ta yi kyau mu zuba su a jikin ɓeraye mu jira watanni. Ƙwayoyi ba su san Asabar da Lahadi ba, ba su san ranar Sallah ba. Faranti yakan kamu da ƙura aikin wata guda ya tafi kwandon shara, sakamakon da ya faranta maka rai a watan Maris yakan ƙi maimaituwa a watan Yuni, kuma mafi yawan lokacin babban mai bincike yana tafiya ne wajen rubuta takardun neman kuɗi waɗanda akasarinsu ba a amsawa.

A cikin tankin sanyin da muke ajiye ƙwayoyi akwai wasu 'yan kwalabe da aka rubuta wa Raji, layin ƙwayoyin da ke ɗakunan binciken jini da yawa a duniya. An samo shi ne a Ibadan a 1963, inda wani masani mai suna Pulvertaft ya raya ƙwayoyin daga ƙarin wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11. Cutar yaron ita ce sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a Kampala a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, wadda na sha gani a asibitinmu, kuma a cikin irin ƙwayoyinta aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964. A Ibadan ɗin dai Victor Ngu, likitan tiyata ɗan Kamaru, yana cikin waɗanda suka nuna cewa magani kaɗai yana iya kawar da wannan ƙari, aikin da ya sa ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker ta binciken likitanci a 1972. Sanin wannan ya rage mini jin cewa ni baƙo ne a fagen, domin tun tushensa akwai hannun mutanenmu da jininsu a ciki.

Na wuce Amurka domin ci gaba da bincike a daidai lokacin da abubuwa suka fara gudu. A 2008 Timothy Ley da Elaine Mardis da abokan aikinsu a birnin St. Louis suka karanta dukkan rubutun gadon sankarar mutum guda, karo na farko a tarihi, kuma ta wata mata ce mai AML. Abin da ya biyo baya ya ba kowa mamaki, har da mu da muke fata. Da yawa daga cikin lahanonin da aka riƙa samu a kai a kai suna cikin furotin masu kula da alamomi ne. A 2010 aka nuna cewa DNMT3A, mai sa metil a kan DNA, ya lalace a kusan kashi 22 cikin ɗari na masu AML. A 2009 aka sami lahani a TET2, kuma a shekarar ce ɗakin binciken Anjana Rao ya nuna cewa dangin TET su ne ke fara aikin goge metil ɗin. A shekarar dai aka sami lahani a IDH1, furotin da kowane ɗalibin bayokem ya haddace a darasin yadda jiki ke sarrafa abinci, wanda babu wanda ya zaci yana da hannu a sankarar jini. Sai aka gano cewa lalataccen IDH yana ƙera wani sinadari mai suna 2-HG, shi kuma yana shaƙe TET2, metil ya taru, ƙwayoyin gadon balaga su rufu. Ban taɓa ganin sarƙar dalili ta haɗu da kyau cikin ɗan lokaci kamar wannan ba. Magungunan da ke toshe lalataccen IDH sun fito, enasidenib a 2017 da ivosidenib a 2018, kuma a jinin waɗanda suka karɓe su an ga abin da Wang ya gani a Shanghai, ƙwayoyin sankara suna balaga. Har matsalar ma iri ɗaya ce, domin idan ƙwayoyi masu yawa suka balaga lokaci guda sukan jawo zazzaɓi da taruwar ruwa a huhu, abin da kan iya kisa idan likita bai farga ba.

Sai dai wajibi ne in faɗi inda abin ya tsaya, domin jaridu ba sa faɗa. Tsohon maganin wannan fage shi ne azacitidine, wanda aka haɗa a birnin Prague a 1964 a matsayin kemo, har Peter Jones da Shirley Taylor suka nuna a 1980 cewa yana hana sa metil a kan DNA. Sai a 2004 Amurka ta amince da shi. A 2020 wani babban gwaji a kan tsofaffi masu AML da ba za su iya jure kemo mai ƙarfi ba ya nuna cewa haɗa shi da wani magani mai suna venetoclax ya ɗaga matsakaicin tsawon rayuwa daga wata 9.6 zuwa wata 14.7. A wurin tsohon da zai ga auren jikarsa wata biyar ba ƙaramin abu ba ne, amma ba waraka ba ce, kuma ban yarda mu masu bincike mu riƙa yin magana kamar ita ce ba. APL ta ba mu fata mai yawa saboda lahani ɗaya ne ke riƙe da ita, alhali yawancin AML ta manya lahani da dama ne suka taru, ka saki ɗaya wani ya riƙe.

Na ɗanɗana wannan a fagena. Shekaru masu yawa nawa da na ɗakunan bincike da dama sun tafi a kan wani furotin mai suna DOT1L, wanda lalataccen MLL yake jawowa ya sa alama a kan histon. A faranti da ɓeraye toshe shi ya yi aiki yadda ake so. Da aka gwada maganin a kan mutane, rahoton da ya fito a 2018 ya nuna cewa biyu kawai cikin 51 cutarsu ta lafa gaba ɗaya. Wasu abokaina sun bar fagen a wannan lokaci, kuma ban ce sun yi kuskure ba. Hanyar da ta ɓulle ta wani furotin ce mai suna menin, wanda ɗakin binciken Michael Cleary a Stanford ya nuna tun 2005 cewa lalataccen MLL ba ya iya riƙe DNA sai da shi. A 2012 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fitar da ƙananan sinadarai na farko da ke shiga tsakaninsu, kuma a watan Nuwamba na 2024 Amurka ta amince da revumenib ga manya da yara daga shekara ɗaya waɗanda cutarsu mai lahanin KMT2A ta dawo ko ta ƙi jin magani. Kimanin ɗaya cikin biyar ne cutarsu ta lafa sosai a gwajin, wasunsu suka sami damar kai wa ga dashen ɓargo. Tun kafin a amince da shi, a 2023, an riga an ga cewa a jikin wasu majinyata menin yakan canza siffa kaɗan ta yadda maganin ba zai kama shi ba. Ƙaramin ɗakin binciken da nake jagoranta yanzu a kan wannan yake, muna neman abin da za a haɗa shi da shi tun farko kafin ƙwayoyin su sami mafita.

Tunda sunan efijenetik ya shiga bakin jama'a, ba a daɗewa wani ɗan'uwa bai turo mini saƙo a WhatsApp ba, yana tambaya game da wani garin magani da aka ce yana gyara alamomin gado, ko wani bidiyo da ke cewa baƙin cikin kaka yana rubuce a jikin jikoki. Amsata ita ce abin da muka tabbatar ya shafi gadon alamomi daga ƙwaya zuwa 'yarta a cikin jikin mutum ɗaya, kuma mafi yawan alamomin ana share su ne lokacin da sabon ɗa yake samuwa a mahaifa. Lahanonin da na ambata kuwa mutum yakan same su ne a ɓargonsa cikin tsawon rayuwa, ba iyaye suka ba shi ba, shi ma ba zai ba 'ya'yansa ba. A 2014 ma an nuna cewa kimanin ɗaya cikin goma na mutanen da suka haura shekara 70 suna ɗauke da tarin ƙwayoyin jini masu lahani a DNMT3A ko TET2 ko makamantansu ba tare da wata cuta ba, kuma a kowace shekara ƙasa da kashi ɗaya ko daidai da kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai nasu ke rikiɗewa ya zama sankara. Wannan bayani yana da amfani a gidajenmu, inda akan fara duba dangin uwa ko na uba da zarar an ji sunan cutar.

Duk lokacin da na zo gida nakan ziyarci ɗakunan gwajin jini, kuma tazarar da ke tsakanin abin da na baro da abin da na tarar ba ta raguwa yadda nake so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu sankara suna warkewa a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma a 2018 ta sa burin a kai kashi 60 kafin 2030. Ilimin kansa ma yana da giɓi, domin yawancin rubutun gadon sankarar jini da aka karanta na mutanen da asalinsu Turai ne. Ko adadin fararen ƙwayoyi da littattafai ke kira daidai bai dace da mu ba, tunda mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a kan jajayen ƙwayoyinsu, abin da ke ba su kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, kuma yake sa adadin wasu fararen ƙwayoyinsu ya yi ƙasa alhali lafiyarsu ƙalau. Saboda wannan an sha jinkirta wa baƙar fata kemo ko a cire su daga gwajin magani ba bisa dalili ba. Akwai abin da ya yi kyau kuma, domin tun 2003 masu CML a Najeriya suke samun imatinib kyauta ta asibitin koyarwa na Ile-Ife, har mutanen Arewa suna ɗaukar doguwar hanya zuwa can.

Idan abokan aiki na gida suka tambaye ni ta ina za a fara, ba na ambata revumenib, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin kowane gida da na sani. APL nake ambata. ATRA tsohon magani ne da ake haɗiya, gogaggen mai duba jini yana iya zargin cutar tun daga gilashi, kuma ƙa'idar da likitocin jini suka yarda da ita ita ce a fara ba da maganin a ranar da aka yi zargi, ba sai an jira tabbaci ba, domin kwanakin farko ne ke kisa. A tsakiyar shekarun 2000 ƙungiyar masana jini ta Amurka ta haɗa kai da asibitoci a Brazil da Mexico da Chile da Uruguay a kan wannan cuta kaɗai, suka tsara hanyar gano ta da wuri, suka tabbatar magani yana kan kanta, suka riƙa tattauna kowane majinyaci ta intanet, kuma mace-macen farko suka ragu ƙwarai ba tare da an ƙirƙiro wani sabon magani ba. Irin wannan muke ƙoƙarin tsarawa da wasu likitocin jini a Arewa. Gwajin tabbatar da haɗuwar kuromosom na 15 da na 17 bai gagare mu ba, domin na'urorin gwaji na PCR da aka kawo lokacin korona za su iya yinsa idan an samar da sinadaran. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne ma'ajiyar jini, saboda mai APL yana buƙatar ƙwayoyin tsayar da zubar jini da ruwan jini kusan kullum a makonnin farko, su kuma ƙwayoyin ba sa wuce kwana biyar a ajiye, dole a riƙa motsa su a ɗaki mai daidaitaccen sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma tsarin da ya dogara ga 'yan'uwan majinyaci su zo su ba da jini ba zai iya samar da su a kan kari ba. Don haka zamanmu na gaba da masu kula da ma'ajiyar jini za mu yi shi, da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da limaman unguwa waɗanda za su iya tara masu ba da jini na sa kai da za a kira duk lokacin da buƙata ta taso.